Jar Saniya Mai Silinda Takwas

A gidanmu ni ake yi wa kirari da "fara ka bari". Ba ƙarya suka yi mini ba, shi ya sa har yau abin yake ƙona ni. An sa ni makarantar allo, na yi izu biyar na gudu. An sa ni boko, na kai aji huɗu na ce malamin ba ya ƙaunata. Baba ya ba ni wuƙa ya zaunar da ni rumfar fawa, gadonmu na Rundawa, na yi wata bakwai na koma bin direbobi a tasha. Inna takan ce ko fura aka dama mini sai na bar saura a ƙwarya. Ina da shekara ashirin da 'yan kai lokacin da aikin dam ɗin Bakolori ya cika Talata Mafara da tifofi da katafila da Turawa, kuma har lokacin ban taɓa kai komai ƙarshe ba.

Baba barunje ne ɗan barunje, kuma a kara, wato kasuwar shanu, ba a kashe cinikin babban sa ranar Talata bai ɗora hannu a ƙugunsa ba. Wani sa ne ya maka shi da ƙasa shekarun baya, ƙashin kwatangwalo ya goce, masu ɗori suka yi iya yinsu, ƙafar dama ta sandare. Ba ya iya hawa jaki, ba ya iya hawa babbar mota, ko zama zai yi sai ƙafar tana miƙe. A amalanke ake tura shi kara. Daga kan tabarmarsa yake mulki. In 'yan kora suka iso da shanu daga nesa, suna haki, sai ka ji muryarsa tun daga bakin hanya: "Kada ku kai su ruwa! Ba a ba saniya ruwa da gumi. Ku bari ta huce, numfashinta shi koma, sannan ta sha." Na ji wannan magana ya fi sau dubu. Ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu, kamar sauran maganganunsa.

Ba a Mafara aka haife shi ba. Wani ƙauye ne a bakin gulbi, gaba da Maradun, kuma can aka rufe mahaifiyarsa, gabas da wasu giginyu uku. Da aka toshe gulbin, an tashi mutanen ƙauyen an kai su sabon wuri. Ruwa kuwa kowace damina sai ya ƙara hawa. Damina biyu ya tsaya a fadama, amma kowa ya san ta uku sai ya ci garin. Tun da Baba ya ji ciwo bai taka can ba. Abu ɗaya yake so a duniya: ya je kan kabarin uwarsa ya yi mata addu'a kafin ruwa ya rufe wurin.

A lokacin ni nake kai nama unguwar Turawan aiki a kan keke. Wannan aikin ban bar shi ba, don yana ba ni damar kallon motoci. Akwai wani injiniya mai wata jar mota 'yar Amurka, ƙofa biyu kacal, kowace ƙofa kamar ƙyauren zaure, gabanta dogo, bayanta gajere, cikinta kusan yana shafar ƙasa. Silinda takwas gare ta, alhali motocin gari huɗu-huɗu ne. In ya tashe ta da safe, a ƙirjinka za ka fara ji kafin kunne. Karnukan unguwar har ɓuya suke yi. Wallahi ranar da na fara jin kukanta na manta da cinyar rago a kan keke har ƙuda suka yi biki.

Da aikinsa ya ƙare zai koma ƙasarsu, ya rasa yadda zai yi da ita, don masu hankali duk sun ce mai take sha kamar raƙumi. Ni da ba ni da hankali na sayar da shanuna biyu na turka, waɗanda Baba ya ba ni don in yi aure, na karɓo makulli. Inna ta yi kuka. Yayana ya ce, "Wata uku na ba ka, kaji su yi ƙwai cikinta."

Baba kuwa ya sa aka tura shi ƙofar gida. Ya sa na matso da motar. Ya shafa bayanta da tafin hannu kamar yadda yake shafa ƙugun sa, ya ce in buɗe mata baki, na ɗaga bonet, ya leƙa. Ya ce in sa ta yi kuka, na taka totur, yara suka watse.

"Wagga rahaji ta," in ji shi, yana nufin jajayen shanun nan masu dogon ƙaho. "Ga tahiya, ga ban tsoro, amma ba ta yarda da kowa ba. Kai da ba ka iya riƙon akuya, mi ya kai ka ga jar saniya?"

Daga ranar sunanta ya zama Jar Saniya, har 'yan tasha haka suke kiranta.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, malamin gona ne a aikin noman rani na dam. Shi ma bai daɗe da sayen mota ba, fara 'yar Faransa irin wadda kowane ma'aikaci yake mafarki. Kullum bayan la'asar mukan haɗu gindin dalbejiya a bakin tasha, mu ajiye motocin gefe da gefe, samari su kewaye mu, a yi ta musu. Ni in ce tawa in ta yi tari tashi sai ta yi atishawa. Shi ya ce tashi da galan ɗaya sai ta je Bakura ta dawo, tawa kuwa ko kallon gidan mai ta yi sai allurar mai ta faɗi. Baba da aka kai masa labari ya ce ta taubashi gudali ce, ba ta da ƙaho amma tana kai mutum gida.

Rannan musu ya yi zafi muka ce gani ya kori ji. Muka hau kwalta zuwa mararrabar Bakura. Ai kafin ya sa giya ta uku na bar shi yana shan hayaƙi. Ina taka ta, kujera tana danna mini baya, bishiyoyi suna wucewa ban iya ƙirga su. Na isa na kashe, na zauna kan bonet ina cin gyaɗa kafin ya ɓullo. Ranar na ji ni mutum ne.

Washegari ya ce to a gwada a burji, hanyar Garbadu. Nan Jar Saniya ta tona mini asiri. Kowane tudu sai cikinta ya daku, kowane rami sai ta yi goho. Bai fi mil biyu ba salansa ta cire ta faɗi. Taubashi ya wuce ni yana ɗaga hannu, ya dawo ya tsinto salansar, ya miƙo mini ta taga.

"Bawana, saniyarka ta ya da wutsiya. Riƙe, ka kai wa Baba shi yi miya."

Na so in haɗiye shi ɗanye.

Ba a daren sallar layya ba, a wata safiya ce ta rani kawai, ina wanke ta a ƙofar gida, Baba yana kallo daga tabarma. Na buɗe ƙofar nan mai faɗi don in share ciki. Ya daɗe yana kallon ƙofar. Sannan ya ce, "Wagga ƙofa, ina iya shiga ban lanƙwasa ƙafa ba. In ka ɗaga mata ciki ta bar jan ƙasa, ka kai ni in gaida Innata."

A rayuwata bai taɓa roƙona komai ba. Na ce, "Baba, kahin ruwan fari shi sauka, ni ka kai ka."

"Ka hwaɗi?"

"Na hwaɗi."

"To, na sallama."

Wanda bai san kara ba ba zai gane nauyin wannan kalma ba. In dillali ya ce ya sallama, ciniki ya ƙulle. Ko wani ya zo da ninkin kuɗin, ko san ya fara ɗingishi a kan hanya, ba a tashin magana. Baba bai taɓa tashin cinikin da ya sallama ba, kuma duk Mafara an san haka.

Na kai ta wurin wani tsohon makanike a bayan tasha, wanda ya yi aiki a garejin dam har ya ga irin injinan nan. Mutum ne mai goro a baki da faɗa a kan harshe. Ya zagaya ta sau biyu ya ce, "Ɗan barunje, wagga an yi ta don titin ƙasarsu, ba don gonakin ubanka ba. Amma in kana da haƙuri muna maishe ta 'yar gida." Na ce haƙuri ai shi ne sunana. Ya tofar da goro ya ce ya ji labarina.

Muka cire sifirin ɗinta na baya muka sa na akori-kura, muka ɗaga gaba da ƙarafa, muka sa manyan tayoyi masu kaushi. Salansa muka yanke ta muka fito da bututu biyu ta gefe, kukanta ya ƙara ninki. Na cire kujerar gaba ta mai zaman banza, na shimfiɗa katako daga kujerar baya har gaba, na ɗora katifar auduga, don Baba ya miƙe ƙafa. Kyanta ya ragu, gaskiya, ta zama kamar budurwa da takalmin soja. Amma ta daina jan ciki. Makanike ya ce saura abu ɗaya, lagireto, wato tankin ruwan da ke sanyaya inji. Nata ƙarami ne, an yi shi don ƙasar sanyi, kuma zafin bazara ya shigo. Ya ce in jira kwana uku zai samo na tifa. Muka sa ranar tafiya Alhamis.

Ranar Litinin taubashi ya zo yana zagaya ta yana dariya. "An ɗaga ta dai, amma ƙafar kaza ko an sa mata takalmi kaza ta. Mu koma burji in kana da zuciya."

Ina da zuciya, ita ce ma matsalata. Ban jira lagireto ba.

Muka bi hanyar da ke gefen babban kanal, wato magudanar ruwan dam, tsakar rana, zafi kamar a gasa tsire a kan dutse. Wannan karon na ci shi a burji, na ci shi ci mai kyau, ban ko ga ƙurarsa a madubi ba. Amma allurar zafi ta haura ja, tururi ya fara fitowa ta gefen bonet. Na tsaya. Ga kanal nan a gefena, cike taf da ruwa mai sanyi, yana gudu.

Sai wanda ya tashi a ƙasarmu kafin dam zai gane abin da ruwa mai gudu a bazara yake yi wa zuciyar mutum. Mu da muka girma muna tonon yashi a gulbi don mu sami ƙwarya ɗaya, yanzu ga ruwa a banza yana wucewa. A shekarun nan komai muka gani sai mun zuba masa ruwa, jaki, keke, tabarma, kanmu. Na ga Jar Saniya tana haki, na ji tausayinta kamar dabba. Na ɗauko bokiti na cika, na ɗaga bonet, na sheƙa mata a kan inji. Na ƙara na biyu.

Ƙas!

Ƙara ɗaya ce, ba ma babba ba, kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Tururi ya lafa. Na leƙa ƙasa na ga ruwa da baƙin mai suna zuba tare, sun zama kamar kunu. Taubashi ya iso da shirin tsiya a bakinsa, ya kalli fuskata, ya haɗiye.

Shanun huɗa biyu na wani manomi ne suka ja ta zuwa gida, ta tsakiyar gari, yara suna bi suna waƙa wai shanu sun kamo uwarsu. Makanike ya zo ya haska da tocila, ya nuna mini tsaguwar, tsawon tafin hannu a jikin inji. Ya ce wannan ba walda, ba addu'a, inji ya mutu. Sannan ya zage ni tas, na kuwa tsaya na sha, don na cancanta.

Baba tambaya ɗaya ya yi. "Da gumi ka ba ta?"

Na ce, "I, Baba."

Ya juya fuska ga bango. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho, kuma ni na ji shi har cikin ƙashi.

Kowa ya san abin da zai biyo baya, don sun san ni. Yayana har ya fara maganar inda za a tura ta don kada ta tare ƙofa. Inna ta ce in koma rumfa, Allah ya sa haka ya fi alheri. Ni kuwa na zauna a kan katifar nan da na shimfiɗa wa Baba. Na rantse a raina, ko zan tafi tsirara sai motar nan ta tashi, kuma sai ta kai shi.

Kwana biyu bayan haka taubashi ya same ni ni kaɗai, ba dariya a fuskarsa. Ya ce, "Ka ga, bar wasa. Hadari ya fara haɗuwa gabas. In cire kujerar gaba ta tawa, mu sa katifarka, gobe mu kai Baba. Kai ka tuƙa ma in kana so."

Magana ce ta hankali, ta ɗan'uwa. Amma ni abin da na ji shi ne gindin dalbejiya, da samari suna cewa gudali ta kai tsoho inda jar saniya ta kasa. Zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Ubana ba kayan haya ba na. Ni na yi alkawari, ni ka cikawa. Ɗauke gwangwaninka ka ba ni wuri." Ya kalle ni ya girgiza kai ya tafi. Ban gaya wa Baba ba. Na ɓoye maganar a cikina kamar ƙaya, ina tafiya tana sukata.

Na je Gusau neman inji, suka yi mini dariya. Na je Sakkwato, wani ya ce in je Legas. Ina dawowa ruwan fari ya sauka, na tsaya cikinsa a tasha ban ko nemi rumfa ba. Alkawarin "kafin ruwan fari" ya riga ya karye, saura alkawarin kaiwa.

Makanike ne ya tuna cewa wani mai sayen tsoffin ƙarafa a Bakura ya kwashi matattun motocin aiki a gwanjo, kuma cikinsu akwai wata akori-kura 'yar Amurka da ta faɗa rami, gaba ɗaya jikinta ya lotse. Muka je. Tana kwance cikin ciyawa, gafiya ta yi gida a kujera, amma da makanike ya ɗaga bonet sai ya yi kabbara. Silinda takwas, dangi ɗaya da tawa. Mai ƙarafa ya ga idona ya gane ina so, ya ƙi sakin fuska. Na ba shi na'urar sanyi ta Jar Saniya, da rediyonta, da fararen ƙarafan ado na tayoyi. Duk abin da ke sa 'yan mata su waiwayo na kwance na ba shi. A amalanken shanu muka ɗauko injin zuwa Mafara, an rufe shi da buhu, ana yayyafi.

Muka kafa rumfar kara a ƙofar gida muka shiga aiki. Ashe dangi ɗaya ba uwa ɗaya ba ne. Ƙafafun injin ba su zauna daidai ba, sai da muka yanke muka yi walda sau uku. Lagireton tifa ya fi wurin girma, muka fasa bonet muka bar shi ya leƙo. Fanka tana taɓa shi, muka matsar. Makanike ya ce injin akori-kura ba shi da gudun nata na asali, amma ya fi shi ƙarfin ja, kuma in muka ɗora masa kafireton tsohon, wato abin da ke shayar da inji mai, mai baki huɗu, zai farka. Hannuwana suka fashe, baƙin mai ya shiga ƙarƙashin farce ya ƙi fita har wata biyu. Ranar da muka fara gwada tashinta, mun juya wayoyin fulogi, ta yi aman wuta ta kafireto ta ƙone mini gira. Yayana ya yi dariya har da riƙe ciki. Na shafa man shanu na koma ƙarƙashin mota.

Kowace Talata mutanen wajen Maradun sukan zo kasuwa, su biyo su gaida Baba. Gaisuwa doguwa, ina gida, ina gajiya, ina ruwa. In an zo kan ruwa sai in kasa kunne daga ƙarƙashin mota. Wannan makon ya cika fadama. Mako na gaba ya sha tsohuwar rijiya. Na gaba yana bakin masallaci. Kowane labari sai in ji kamar an ɗora mini injin a ƙirji, in tuna farar motar taubashi tana zaune lafiya lau a ƙofar gidan kawu. Sau biyu na tashi da niyyar in je in ba shi haƙuri, sau biyu girman kai ya maishe ni.

Baba kuwa kowace safiya sai ya sa an shimfiɗa masa tabarma a bakin rumfar. Ba ya tambaya yaushe. Yana jan tasbaha yana kallo. In sifana ta faɗi kusa da shi sai ya tura mini da sandarsa.

Ranar da ta tashi, wata Laraba ce da hantsi. Makanike ya ce, "Bismillah, murɗa." Ta yi tari sau biyu, ta yi shiru, sannan ta ɓarke da kuka, kukan da ya fi na da kauri. Kaji suka tashi sama, Inna ta fito da muciya a hannu. Na kifa kai a kan sitiyari na yi kuka kamar yaro, ban ji kunyar kowa ba. Makanike ya ce a bar ta ta yi kwana ɗaya ana gwaji. Na ce ko awa ɗaya ba ni da ita.

Muka ɗauki Baba ni da Yaya muka shigar da shi ta ƙofar nan mai faɗi, ya miƙe ƙafa a kan katifa, ya sa sabuwar rigarsa fara. Na sa jarka biyu na ruwa a but. Mu biyu muka kama hanya.

Har Maradun ba matsala. Daga nan hanya ta zama taɓo da ramuka, tsohuwar hanyar da ba mai bi tun da aka tashi mutane. A nan Jar Saniya ta biya ni wahalata. Inda na tabbata za mu kafe, sai in ji injin ya yi gurnani ƙasa-ƙasa, tayoyi su watsa laka, mu fita. Baba yana riƙe da ƙofa yana nuna mini hanya da haɓa: bi ta gindin kukar can, nan gonar wane ce, nan muka yi kiwo. Muryarsa ta koma ta saurayi. Har dariya ya yi da muka tsallake wani kwazazzabo, ya ce, "Kai, rahaji!"

Muka hau wani ɗan tudu, wanda ya ce daga kansa ana hango gari. Na taka birki.

Ruwa ne, shimfiɗe, ja-ja, har inda ido ya tsaya. Hanyar da muke kai ta gangara ta shige cikinsa. Babu katanga, babu rumbu, babu masallaci. Can tsakiya, giginyu uku ne kawai a tsaye, ganyensu yana motsi.

Na kashe mota. Wani masunci yana gyaran koma a bakin ruwa, ya taso ya gaishe mu. Baba ya amsa masa gaisuwa har ƙarshe, bai rage ko ɗaya ba, sannan ya tambaye shi maƙabarta. Mutumin ya ce, "Ai Baba, kwana tara ke nan da ruwa ya rufe ta. Da kun zo mako biyu baya da kun taka da ƙafa."

Kwana tara. Farar motar taubashi ta fi wata biyu tana jira.

Baba ya ce in buɗe ƙofa in juya shi ya fuskanci giginyun. Na yi. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, ya kira sunan uwarsa, ya shafa. Hawaye suna bin gemunsa bai share ba. Ni kuwa na durƙusa a cikin laka a gefen ƙofa.

Na ce, "Baba, ka yafe mini. Ni na hana ka. Taubashi ya zo tun kahin ruwa shi sauka, ya ce shi kai ka da motatai, na kore shi. Ban hwaɗa maka ba."

Bai kalle ni ba, idonsa yana kan ruwa. Ya ce, "Na sani. Sau uku yana zuwa wurina bayan ka kore shi. Na ƙarshe har da kawunka sunka zo."

Na ɗago kai. "To don mi ba ka bi shi ba, Baba?"

"Na sallama maka, ko ka manta?" in ji shi. "Innata ta riga ta tahi, addu'a tana isa gare ta ko daga Mafara. Kai ne ba ka tahi ko'ina ba. Tun da anka haife ka ban ga ka kama abu ka ƙi saki ba sai wanga karo. Da na shiga motar yaron ga, da ranar ka aje sifana, da yanzu kaji na ƙwai cikin wagga. Na duba, na ga in dai ɗaya za ni rasawa, gara in rasa ganin kabari."

Na tashi don kada ya ga fuskata, na zagaya gaban mota. Inji yana ƙas-ƙas da zafi bayan wahalar taɓo, allura ta kusa ja. Hannuna ya kai ga jarka ban sani ba.

"Kai," in ji Baba daga cikin mota.

Na ajiye jarkar. Na dawo na zauna a bakin ƙofa kusa da ƙafarsa mai ciwo, muna kallon giginyun, har inji ya huce na iya ɗora tafin hannu a kansa. Sannan na ba ta ruwa, muka juya gida.